Karatu a Matsayin Ibada: Littafi Mai Tsarki na Hausa da Masu Karanta Shi, 1841 zuwa 1979

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa. Masu nazarin tarihin rubutun boko sukan ambaci wannan shekara a gurguje, su zarce zuwa ga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da littattafan da ta haifar, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Alhali kuwa wancan littafi ya riga waɗannan fitowa, ya fi su kauri nesa ba kusa ba, ya kuma shiga ƙauyukan da su ba su kai ba sai daga baya. Daga ranar da aka soma tattara kalmomin Hausa dominsa zuwa ranar da ya fito, an share shekara 91.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: mene ne ya sa mutane suka jure wa aikin shekara 91 domin littafi guda, mene ne kuma ya sa manoman da ba su taɓa riƙe alkalami ba suka tsuguna koyon baƙi da wasali domin su karanta shi? Amsar tana cikin aƙidar Kirista game da karatun Nassi. A wurinsu karatun nan ibada ne, ta hanyarsa ne mai bi yake sauraren Ubangijinsa. Wanda bai fahimci wannan ba zai iya lissafa shekarun bugu da sunayen masu fassara, amma ba zai gane abin da ya tura su ba.

2.0 Tushen Aƙidar

Tun a cikin Nassin kansa aka aza harsashin wannan al'amari. Zabura ta 119, wadda ta fi kowace sura tsawo a littafin, gaba ɗayanta yabo ne ga Maganar Allah, ta kuma kamanta ta da fitilar matafiyi. Wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti ta nuna cewa Nassi hurarre ne daga Allah, yana da amfani wajen koyarwa da tsawatarwa da gyaran hali. Littafin Ayyukan Manzanni ya yabi mutanen Biriya saboda ba su karɓi wa'azin Bulus ido rufe ba, sai da suka riƙa bin Nassi kowace rana suna auna abin da ya faɗa musu. A sura ta biyu ta wannan littafi kuma akwai labarin ranar Fentikos, inda baƙin da suka taru a Urushalima daga ƙasashe dabam-dabam kowa ya ji saƙon da harshen garinsu. Wannan labari shi ne babbar hujjar da Kirista suke kafawa cewa Maganar Allah ba ta rasa tsarkinta don an juya ta zuwa wani harshe.

Magabatan Ikilisiya sun ɗora a kan wannan. Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, haifaffen ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya ba da labarin cewa tubansa ya auku ne a shekarar 386, a wani lambu a birnin Milan, sa'ad da ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya ji kamar da shi ake magana. A wannan zamani ne kuma Jerom ya zauna a Baitalami yana juya Nassi zuwa Latin, harshen jama'ar daular Rum ta yamma. A ƙarni na 6, ƙa'idar da Benedik ya tsara wa masu zaman zuhudu a Italiya ta keɓe sa'o'i na musamman kowace rana domin karatu. A ƙarni na 12 wani mai zuhudu a Faransa, Gigo, ya kasa wannan karatu mataki huɗu: a karanta, a yi bimbini a kan abin da aka karanta, a mai da shi addu'a, sa'an nan a natsu a gaban Allah.

Sai dai a duk waɗannan ƙarnoni littafi abu ne mai tsada, na 'yan ƙalilan. Na'urar ɗab'i ta Gutenbag, a tsakiyar ƙarni na 15, ita ta sauya lamarin. Martin Luta ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, cikakken littafin kuma a 1534, bisa ra'ayin cewa kowane mai bi yana da hakkin ya karanta da kansa. A 1675 wani limamin coci a Jamus, Filib Spener, ya yi kira da a riƙa taruwa ƙungiya-ƙungiya a gidaje ana nazarin Nassi, domin a ganinsa wa'azin ranar Lahadi kaɗai ba ya raya zuciya. Daga wannan farkawa da makamanciyarta a Ingila ne ƙungiyoyin mishan suka tsiro: C.M.S. a 1799, Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya a 1804, da makarantar mishan ta Basel a 1815. Mutumin da ya fara juya Nassi zuwa Hausa a wannan makaranta ta Basel ya yi karatu.

3.0 Schön da Dorugu

James Frederick Schön Bajamushe ne, ya yi wa C.M.S. aiki a Saliyo, inda 'yantattun bayi daga sassa da yawa na Afirka ta Yamma suke zaune, har da Hausawa. A 1841 ya shiga ayarin da gwamnatin Ingila ta aika ya bi kogin Kwara, shi da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya hallaka Turawa da dama a wannan tafiya, amma Schön ya komo da tabbacin cewa Hausa ita ce mabuɗin cikin ƙasa. A 1843 ya buga littafinsa na farko na kalmomin Hausa da ɗan bayanin nahawu.

Rashin lafiya ya tilasta masa zama a Ingila, bai kuma taɓa taka ƙasar Hausa ba har ya mutu a 1889. Abin da ya cece aikinsa shi ne zuwan wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, mutumin yankin Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Tambutu, daga bisani ya iso Ingila tare da shi a 1855. Dorugu ya zauna a gidan Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi da tarihin rayuwarsa, shi kuma yana rubutawa. Da wannan taimako Bisharar Matiyu ta fito a 1857, littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, sai Magana Hausa a 1885.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da aka yi wannan aiki babu wata jama'ar Kirista a ƙasar Hausa da take jiran littafin. An yi fassarar ne tun masu karatu ba su samu ba. Ga ɗan kasuwa wannan asara ce, amma ga Schön da masu ɗaukar nauyinsa iri ne ake tanada kafin faɗuwar damina, domin sun gaskata cewa Maganar tana da ikon yin aikinta da kanta idan ta sami mai karantawa. Hausar fassarar ba ta da laushi, waɗanda suka biyo baya sun ga dole a sake ta. Duk da haka nahawu da ƙamus da tatsuniyoyin da aka tattara a hanya sun zama tubalan farko na nazarin Hausa a Turai.

4.0 Likita Miller, Zariya da Isawa

Bayan rasuwar John Alfred Robinson na C.M.S. a Lakwaja a 1891, aka kafa wata ƙungiya a Ingila domin nazarin Hausa da tunawa da shi. Ita ta aiko ɗan'uwansa, Charles Henry Robinson, wanda ya iso Kano a 1894, ya tattara rubuce-rubucen ajami, daga baya ya wallafa ƙamus. Amma wanda sunansa ya fi haɗuwa da littafin 1932 shi ne Likita Walter Miller. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin Hausawa mazauna can da alhazai masu wucewa. A 1900 ya bi ayarin Bishop Tugwell zuwa Kano, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, suka ja da baya zuwa Girku a ƙasar Zazzau. A 1905 Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Wannan mishan ce aka mayar Wusasa a ƙarshen shekarun 1920.

A Zariya Miller ya sami abin da Schön ya rasa, watau Hausa a bakin masu ita, safe da yamma. Ya riƙa fitar da littafin kashi-kashi, yana aiki da Hausawan da suke kewaye da shi, daga baya kuma da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, har aka kammala.

A wannan zamani ne wani al'amari ya auku wanda ya nuna cewa ƙishin Nassi bai zo daga Turai kaɗai ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa ta hanyar da hukuma da malaman gari ba su amince da ita ba. An kashe shi a Kano, mabiyansa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watse zuwa wajajen Ningi da iyakokin Zazzau. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemo Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Cutar barci ta yi wa ƙauyen mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira suka komo Zariya. Waɗannan mutane sun fito ne daga al'adar allo da tawada, sun san girman littafi tun kafin su ga Bature. Abin da ya zame musu sabo shi ne samun Linjila a harshen da suke magana da shi a gida.

Daga wannan ƙaramar jama'a ta Zariya da Wusasa aka sami mutanen da tarihin Arewa ba zai manta da su ba: Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

5.0 Zaɓen Kalmomi

Mai fassara Nassi zuwa Hausa ya tarar da harshen da ya riga ya ƙoshi da kalmomin addini, saboda ɗaruruwan shekarun da ya yi tare da Musulunci da Larabci. Wannan ya zama sauƙi ta wani gefe, ya zama tarko ta wani gefen. An ɗauki Allah da Ubangiji da annabi da mala'ika da zunubi da tuba da gafara da aljani. An ɗauki Attaura da Zabura. An kasa littafin sura-sura da aya-aya. Mabiyan Yesu goma sha biyu aka kira su almajirai, daga baya manzanni. Kalmar almajiri a nan ta dace ƙwarai, domin ta kawo wa mai karatu hoton wanda ya bar gida ya bi malami yana ɗaukar karatu, ta haka kuma ta nuna masa cewa bin Almasihu da ɗalibta abu guda ne.

A wasu wuraren kuwa an kauce da gangan. Kiristocin Hausa suna cewa Yesu, ba su cika cewa Isa ba. Suna cewa addu'a da sujada, sun bar wa Musulmi kalmar salla. Suna cewa bangaskiya a inda Musulmi zai ce imani. Wurin taronsu majami'a ne, jama'ar masu bi kuma ikilisiya, kalmar da asalinta Girkanci ne. An kuma ɗauki wasu kalmomin yau da kullum aka ɗora musu nauyi sabo. Alheri, wanda Bahaushe ya sani da kyautar da ba a biya, ya zama sunan jinƙan da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba. Ceto, wanda ake yi wa mai nutsewa a ruwa, ya zama kuɓuta daga zunubi. Bishara ta zama sunan saƙon gaba ɗaya.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Idan ta hanyar karatu ne mai bi zai ji muryar Allah, to kalmar da ta karkace za ta karkatar da zuciya. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta nuna yadda irin wannan zaɓe ya shafi yadda suke kallon kansu da yadda maƙwabtansu Musulmi suke kallonsu.

6.0 Masu Karatu

An yi littafin ne da Hausawan birane a zuci, amma ba su ne suka fi karɓarsa ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi. Ƙungiyar S.I.M., wadda ta kafa tasharta ta farko a Pategi a 1902, da S.U.M., wadda ta sauka a Wase a 1904, da mishan ɗin 'Yan'uwa da ta zauna a Garkiɗa a 1923, sai suka fuskanci al'ummomin Filato da kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa da kwarin Binuwai. Harsunan wannan yanki sun fi ɗari. Da yake Hausa ta riga ta zama harshen kasuwa da na mulki a wurare da yawa, sai aka mai da ita harshen koyarwa da na horar da ma'aikatan coci. A ƙasar Nijar ma S.I.M. ta zauna a Damagaram a 1924, ta kuma yi aiki da wannan littafi.

A yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba a cika yi wa baligi baftisma ba sai ya iya karanta Nassi da kansa, in ban da tsofaffi da masu lalura. Saboda haka ajin karatu shi ne ƙofar coci. Mai bishara, wanda sau da yawa manomi ne da ya yi 'yan shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki irin ta Gindiri da aka buɗe a 1934, ko ta Kagoro, yakan tara mutane da la'asar bayan an taso daga gona, a fara da haruffa, a wuce zuwa ɗaya daga cikin Bisharu. Ana ba da ayar haddacewa kowane mako. Iyali sukan taru da asuba ko da dare, maigida ko ɗansa ɗan makaranta ya karanta sura, a yi waƙa, a yi addu'a. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata sun buɗe wa matan aure hanyar koyon karatu a zamanin da makarantar gwamnati ba ta kai gare su ba.

Amfanin da masu bi suke nema a wannan karatu ana iya kasa shi uku. Na farko shi ne sanin Allah kai tsaye, ba tare da jiran wani ya karanta musu ba. Na biyu shi ne ƙarfin zuciya, domin wanda ya bar tsafin gidansu yakan fuskanci tsoron maita da fushin kakanni da ƙyamar dangi, ayoyin da ya haddace su ne garkuwarsa. Na uku shi ne ma'aunin hali, wanda da shi ake shawo kan gardamar aure da giya da gado da biki. Wannan na uku ya haifar da abin da Turawan mishan ba su shirya masa ba. Mutumin da ya karanta labarin Ibrahim da Yakubu da Dawuda da idonsa yana iya tambayar dalilin hana mai mata biyu baftisma. Wanda ya karanta cewa masu bi duka ɗaya ne yana iya tambayar dalilin da ya sa ragamar coci take hannun baƙi. Lamin Sanneh, a littafinsa na 1989, ya yi bayanin cewa fassara takan miƙa wa masu harshe ikon da mai kawo saƙon ba zai iya karɓewa ba. Ba a daɗe ba kuwa ikilisiyoyin suka tsaya da ƙafafunsu: E.C.W.A. a 1954, da tarayyar da aka sani da TEKAN a yau a 1955, wadda sunanta ma da Hausa aka raɗa shi.

7.0 Sabon Juyi da Ragowar Matsala

Harshe ba ya tsayawa wuri guda. Bayan 1932 an daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, haruffa masu lanƙwasa suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939 ta saba wa mutane da wani salon zube mai sauƙi. Sai aka ga bukatar gyara. G. P. Bargery, mai babban ƙamusun 1934, wanda shi ma da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, ya komo Kano a shekarun 1950 yana tsoho domin aikin sabunta Sabon Alkawari. An kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya a 1966, a ƙarshen shekarun 1970 kuma sabuwar fassara cikakkiya ta fito, wadda aka fi sani da juyin 1979. A wannan karo 'yan ƙasa suna da babban hannu a aikin. Cocin Katolika ma, bayan Majalisar Batikan ta Biyu ta ƙarfafa wa mabiyanta karatun Nassi a 1965, ta ƙara ba da ƙarfi ga amfani da harsunan gida.

Tsofaffi da yawa ba su saki tsohon juyin ba. Wanda ya haddace aya yana yaro, ya yi addu'a da ita a bakin kabarin mahaifinsa, ba ya jin daɗin a sauya masa lafazinta ko da sabon ya fi sauƙi. Wannan ma shaida ce cewa littafin ya wuce matsayin abin koyon karatu a wurinsu.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi. Hujjar fassara tun farko ita ce kowa ya ji Maganar da harshen da ya sha a nono. Amma ga Ngas da Birom da Bajju da Tangale da Bura, Hausa harshe na biyu ne. Littafin da ya buɗe musu ƙofar karatu shi ne kuma ya taimaka wajen ture harsunansu gefe a cikin majami'a, har aka sami 'ya'yan da suke addu'a da Hausa ba su iya yi da harshen kakanninsu ba. Wannan ne ya sa aikin fassara zuwa waɗannan harsuna ya ƙara ƙarfi daga shekarun 1960, bisa hujjar nan dai da ta haifar da juyin Hausa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda aƙida guda, watau cewa Allah yana magana da mai bi ta hanyar karatun Nassi, ta ratsa daga magabatan Ikilisiya zuwa Basel, daga nan zuwa teburin Schön da Dorugu, zuwa Zariya, har ta kai ga azuzuwan la'asar a ƙauyukan Filato da Adamawa. Ita ta sa aka yi fassara tun babu masu karatu, ita ta sa aka auna kowace kalma, ita ce kuma ta mai da koyon haruffa sharaɗin shiga jama'ar masu bi.

Ga masu nazarin Hausa akwai aiki a nan da yake jira. Kwatanta juyin 1880 da na 1932 da na 1979 zai nuna yadda zuben Hausa ya sauya cikin shekara ɗari. Hausar majami'a, da kalmominta da karin waƙoƙinta da salon wa'azinta, wani reshe ne na harshen wanda miliyoyin mutane suke amfani da shi kowace Lahadi. Tarihin yaɗuwar Hausa a ƙarni na 20 ba zai cika ba sai an ba wannan reshe babinsa, kusa da babin fatake da na malaman allo da na ma'aikatan En'e.